Tsuntsu Biyu, Laka Ɗaya

Bahaushe bai yi wa tsuntsu rowar suna ba. Shamuwa ta samu nata domin ita ke kawo albishirin damina. Balbela ta samu domin ba ta rabuwa da shanu, carki kuwa a gadon bayansu yake kiwo. Jan baki da ɓarna ya yi suna, don manomin gero da na shinkafa ba sa manta ranar da ya sauka musu a gona. Gauraka yana da tukku, zalɓe yana da haƙurin tsayuwa, burtu yana da kan da maharbi ke ara ya yaudari nama. Wanda ya bi jerin nan a tsanake zai ga abu guda: kusan duk tsuntsun da muka raɗa wa suna, akwai wata hulɗa tsakaninmu da shi. Ko ya amfane mu, ko ya cuce mu, ko ya sanar da mu lokaci, ko ya burge mu. Sawun buƙata suna yake bi.

To, ina makomar tsuntsun da bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba? A dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke warwatsuwa cikin fadamu kafin su haɗe su nufi Tafkin Chadi da sunan Komadugu Yobe, ruwa yakan fara ja da baya bayan kaka. Duk inda ya janye sai ya bar laka mai sheƙi, a kanta kuma ake ganin waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye suna kai da kawo. Tsawon ɗayansu daga baki zuwa jela santimita 12 zuwa 15 ne, nauyinsa a yawancin lokaci giram 20 zuwa 30. Ba su kai maharbi ya ɓata albarushi a kansu ba. Ba sa taɓa zangarniya. Ba su da launin da zai tsayar da mai wucewa. Saboda haka a bakin mafi yawanmu magana ɗaya ta ishe su: 'yan tsuntsayen bakin ruwa. Da ita mun sallame su gaba ɗaya.

Amma a ƙarƙashin wannan magana akwai jinsuna da yawa, kuma biyu daga cikinsu sun yi kama ƙwarai, har wanda ya daɗe yana nazarin tsuntsaye sai ya natsu kafin ya raba su. A littattafan kimiyya ɗaya sunansa Calidris minuta, ɗayan Calidris temminckii. Dukansu ba a nan ake ƙyanƙyashe su ba. Daga can ƙarshen arewacin duniya suke zuwa, su yi rani tare da mu, su koma. Domin sauƙin zance zan kira na farko mai baƙar ƙafa, na biyu mai rawayar ƙafa, tunda wannan ne bambancin da ake fara koya wa kowa. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke faruwa ga ido, da harshe, da ita kanta fadamar, ranar da mutum ya daina cewa "su" ya fara cewa "wannan da wancan".

Mu fara da ƙafar. Ta na farko baƙa ce wuluk. Ta na biyu tana tsakanin rawaya da kore, wani lokaci ta ɗan yi ruwan ƙasa. Da a busasshen rairayi suke tsayuwa, da zance ya ƙare a nan. Amma a laka suke wuni, laka kuwa babu ruwanta da rawaya, kowace ƙafa ta samu sai ta mayar da ita baƙa. Idan mai kallo ya fuskanci rana, ko ƙurar hunturu ta rufe sarari, launin ya tafi ke nan. Wato alamar da ta fi sauƙin faɗa ita ta fi saurin yaudara. Dole a nemi shaida ta biyu da ta uku.

Shaida ta biyu tana ƙirji. A watannin da suke wurinmu dukansu sun tuɓe kayan aure sun sa ruwan toka, amma ba ɗinki ɗaya ba. Mai baƙar ƙafa maƙogwaronsa da tsakiyar ƙirjinsa fari ne fat, tokar a gefe kawai take, kuma kowane gashi na bayansa yana da ɗan duhu a tsakiya. Matashin da aka ƙyanƙyashe a wannan shekarar, idan ya iso da wuri, yana ɗauke da farin layi biyu a gadon baya waɗanda suka haɗe ta wajen jela. Mai rawayar ƙafa kuwa ƙirjinsa duka toka-toka ne, ta sauko ta tsaya a layi ɗaya kafin farin tumbi ya fara, bayansa kuma launi guda ne babu ado. Jikinsa ya fi tsawo ta baya, jelarsa takan ɗan zarce ƙarshen fukafukai, ƙafafunsa sun fi gajarta. Shaida ta uku a gefen jela take: ta mai rawayar ƙafa fara ce tas, ta ɗan'uwansa ruwan toka. Sai dai wannan ba a ganinta sai a daidai lokacin tashi ko sauka, sa'ad da jelar ta baje ta sake rufewa.

Duk waɗannan alamomin jiki ne, suna buƙatar madubin hangen nesa da haske mai kyau. Akwai alamar da ba ta buƙatar ko ɗaya, ita ce hali. Mai baƙar ƙafa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ruga, ya tsaya cak, ya cacciki laka sau uku sau huɗu kafin ƙiftawar ido, ya sake zabura. Ƙafafunsa a miƙe suke, kuma da wuya a gan shi shi kaɗai. Gomomi ne, ɗaruruwa ne, a inda wuri ya karɓe su har dubbai. Mai rawayar ƙafa a duƙe yake tafiya, ƙafa a lanƙwashe, ciki kusa da ƙasa. Ya ɗaga ƙafa a hankali, ya duba, ya ɗauka, ya matsa, kamar tsohuwa mai tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai, ba ta gaggawa kuma ba ta tsallake ko ɗaya. Shi kaɗai ake ganinsa, ko su biyu, ko ɗan ƙaramin gungu. Abincinsu kusan ɗaya ne, ƙananan ƙwari da tsutsotsinsu da sauran 'yan halittun cikin laka, amma yadda kowanne ke neman nasa ya isa a gane shi daga nesa, ko da ƙafarsa ta sha taɓo har gwiwa. Da ma an ce hali zanen dutse.

Wanda ya kai nan a kallo zai lura da abin da bai zata ba. Ba tsuntsun kaɗai ya rabu biyu ba, wurin ma ya rabu. A da bakin ruwa wuri ɗaya ne a idonsa. Yanzu ga buɗaɗɗiyar laka, ba ciyawa ba inuwa, inda ido ke kaiwa nesa. Nan ne fagen mai baƙar ƙafa, domin tsaronsa yana cikin yawa da hango shaho tun bai ƙaraso ba. Ga kuma ɗan lungu inda laka ta haɗu da gajeriyar ciyawa: gefen kududdufi, mashayar da shanu suka tattake, ƙarshen gonar shinkafar da aka girbe. Nan mai rawayar ƙafa yake raɓewa, domin nasa tsaron shi ne kada a gan shi. Ruwan daɗi ya fi so, shi ya sa ba a cika samunsa a buɗaɗɗun filayen gaɓar teku ba, alhali ɗan'uwansa yana cika gaɓar Muritaniya da tafkunan kanwa na Kenya da Tanzaniya, har ya dangana da Afirka ta Kudu. Mai rawayar ƙafa a nahiyarmu galibi a yankin Sahel da kewayensa yake tsayawa, daga Senegal zuwa Habasha. A fadama ɗaya taki goma na iya raba su, amma wannan taki goman rayuwa biyu ya raba.

Sai tashi. Idan aka firgita garken masu baƙar ƙafa tare suke tashi, ƙasa-ƙasa, su juya lokaci ɗaya, fari ya bayyana, toka ta bayyana, su sake sauka can gaba. Kukansu gajere ne, tsit, tsit, ɗaya bayan ɗaya. Mai rawayar ƙafa yakan bari sai an zo kusa, sannan ya yi sama tsaye yana karkacewa hagu da dama, ya yi nisa a sarari kafin ya faɗo wani wuri. Kukansa kuwa karkarwa ce, tirrr, mai kaɗawa a kunne. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a kan waɗannan biyun maganar ta tabbata harafi da harafi. Wanda kunnensa ya saba zai iya rufe ido ya raba su.

Sai dai cikakken kukan gidansu ba a nan ake jin sa ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da bazara ta ƙafar da fadama, sukan tara kitse su tashi su ƙetare Sahara, tafiyar kilomita 6,000 zuwa sama da 8,000. Mai baƙar ƙafa ya fi yin arewa. Gidansa ya fara daga ƙarshen arewacin Norwe, ya bi gaɓar tekun ƙanƙara ta Rasha zuwa yankin Taimir na Saiberiya da gabas da shi, ƙasar da babu bishiya, inda rana ba ta faɗuwa a watan Yuni. Kafin ya isa, gashin wuyansa da bayansa ya rikiɗe ya yi ja-ja. Mai rawayar ƙafa a mafi yawan wurare ɗan kudu da haka yake tsayawa, a bakin koguna masu gajerun itatuwa, a tsaunukan Norwe da Suwidin, a gaɓar tekun Botniya, wani lokaci dab da gidajen mutane. Ko a can bai cika canza kaya ba, 'yan baƙaƙen gasu ne kawai suke fito masa a baya. Amma halinsa yana juyawa. Wannan namijin da muka sani da laɓe-laɓe shi ne yake tashi sama ya tsaya wuri ɗaya yana kaɗa fukafukai, jela a baje, yana zuba doguwar karkarwa ba ƙaƙƙautawa domin kowa ya san filin nan da mai shi.

Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Olavi Hildén, ya yi shekaru yana bin masu rawayar ƙafa a gaɓar Botniya, ya wallafa abin da ya gano a 1975. Macen takan zuba ƙwai huɗu a ɗan ramin da aka share a ƙasa, ta bar wa namiji kwanci, ta je ta sake zuba huɗu a wata sheƙar, galibi bayan ta haɗu da wani namijin, ta kwanta a kansu da kanta. An ga irin wannan tsari a masu baƙar ƙafa ma. Dalilin a bayyane yake: lokacin ɗumi a can gajere ne, ba ya isa a yi zubi biyu ɗaya bayan ɗaya, sai a yi su a jere, uwa da nata, uba da nasa. Kwancin kusan mako uku ne, 'yan tsakin kuma da ƙafarsu suke fita neman abinci tun ranar farko. Manya sukan riga tasowa. Matasan daga baya suke biyowa, su kama hanyar da ba su taɓa bi ba, ba tare da iyayensu ba.

Ko yawan matasan da za su iso bana yana da tarihi. A can akwai wani ɗan ɓera da ake kira lemin, wanda yawansa ke hawa ya faɗi kusan kowace shekara uku ko huɗu. Shekarar da ya yi yawa, yanyawar ƙanƙara da tsuntsaye masu farauta da shi suke ƙoshi. Shekarar da ya ƙare sai su koma kan ƙwai da 'yan tsaki. Masu nazari a Afirka ta Kudu, da suka riƙa ƙirga matasa a cikin garkunan da ke sauka wurinsu, sun ga adadin yana hawa da sauka tare da wannan ɓeran. Ashe garken da ke kan lakar Nguru a watan Nuwamba yana ɗauke da labarin abin da ya faru a Saiberiya a watan Yuli, ga wanda ya san abin da yake kallo. Idan kuma aka yi lissafi, zamansu a ƙasar haihuwa bai fi kamar wata biyu ba, a wurinmu kuwa sukan yi wata shida ko bakwai. Fadamarmu ce ta fi kowane wuri ciyar da su.

Yanzu mu koma kan sunayen da duniya ta san su da su. Wani likita ne a garin Hanau na Jamus, Johann Philipp Achilles Leisler, ya bayyana su duka biyun a shekarar 1812, ya ba su sunayen da suka tabbata har yau. Shekara ɗaya bayan nan ya rasu. Idonsa ya yi aiki, don raba waɗannan biyun ba ƙaramin lura ba ne. Amma sunayen da ya zaɓa ba su ɗauko abin da idon ya gani ba. Na farko ya ce da shi ƙarami, alhali dukansu ƙanana ne, kuma a 1819 wani Bafaranshe, Vieillot, ya bayyana wani danginsu na Amurka da ya fi shi ƙanƙanta, har sai da aka nemo masa sunan da ke nufin ƙaramin ƙarami. Na biyu kuwa ya ba shi sunan mutum, Coenraad Jacob Temminck, masanin dabbobi ɗan ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1778 zuwa 1858, kuma ya zama shugaban farko na gidan adana kayan tarihin halittu na Leiden a 1820. Mutum ne da ya yi wa ilimi hidima, amma sunansa ba ya gaya wa kowa cewa tsuntsun a duƙe yake tafiya. Ita kanta kalmar Calidris, wadda ta haɗa su dangi ɗaya, daga Girkanci aka ɗauko ta. Aristotil ya yi amfani da ita sama da shekara 2,300 da suka wuce ga wani tsuntsu mai ruwan toka da ke zama a bakin ruwa. Wato mutanen Girka ma sun taɓa tsayawa inda muke tsaye.

Ba raina waɗannan sunaye nake yi ba. Suna da amfanin da babu abin da zai maye gurbinsa. Tun da masanin halittu Linnaeus ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu ga dabbobi a 1758, mai nazari a Finlan da na Rasha da ɗalibi a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos suna iya tabbatar da cewa a kan halitta ɗaya suke magana. Suna ne na rajista, aikinsa ya hana ruɗani. Amma suna yana da aiki na biyu, shi ne ya koya wa ido inda zai duba, kuma a nan ne sunan mutum yake gazawa. A 2023 ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka ta yanke shawarar sauya sunayen Ingilishi na tsuntsayen yankinta da aka raɗa wa sunayen mutane, domin a koma ga sunayen da ke bayyana tsuntsun kansa.

Abin da suke nema yanzu, Hausa da shi ta tashi. Dubi maƙwaƙƙwafi: sunan ya gaya maka aikinsa, har da ƙarar aikin. Dubi sha-kauci: ya gaya maka a wane reshe za ka same shi. Dubi ragon maza: ya gaya maka yadda yake jan jiki a cikin duhuwa kamar ba ya son tashi. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya zauna ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya dunƙule abin da ya gani a kalma ɗaya ya miƙa wa na baya. Yaron da ya ji sunan ya gaji shekarun kallon kakansa ba tare da ya sani ba. An ce suna linzami ne, kuma galibi kan mai sunan muke fassara maganar. Amma linzamin yana bakin mai kira ma. Shi ke juya masa kai ya kalli inda ya kamata.

Magana ɗaya da ta rufe abu biyu ba ta haifar da tambaya. Muddin 'yan tsuntsayen bakin ruwa ne kawai, babu abin tambaya a kansu, suna nan ko ba sa nan. Ranar da suka zama biyu tambayoyi suke fara fitowa. Me ya sa wannan yake fili, wancan yake lungu? Me ya sa bana wannan ya yi yawa, wancan ba a gan shi ba? Me ya canza a wannan tafkin da ya kori ɗaya ya bar ɗaya? A Suratul Baƙara an ba da labarin cewa an sanar da Annabi Adamu, alaihis salam, sunayen abubuwa, kuma labarin ya zo ne dab da maganar ɗora shi halifa a bayan ƙasa. Na daɗe ina ganin hikima a wannan jeri. Ba a riƙon amanar abin da ba a iya rabewa da waninsa.

Wannan ba zancen nishaɗi ba ne, domin lakar da muke magana a kanta tana canzawa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, fari kuma ya yi ta'adi a shekarun 1970 da 1980. Ambaliyar da a shekarun 1960 takan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 na wannan dausayi ta ragu ƙwarai a shekaru da dama bayan nan. Ba yawan ruwan kaɗai ya canza ba, lokacinsa ma ya canza. A da ruwa yakan zo da damina ya tafi da rani, tafiyarsa ce kuma ke buɗe laka. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu a tsakiyar rani, waɗansu wurare suka daina bushewa, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan baki. Masunci da manomi sun san wannan bala'i da sunansa, sun kuma kai kukansa inda ya kamata. Tsuntsayen nan biyu ma abin ya shafe su, amma ba ta fuska ɗaya ba. Mai baƙar ƙafa yana rasa fili idan kachala ta rufe buɗaɗɗiyar laka. Mai rawayar ƙafa yana son ciyawa, amma gajeriya mai ratsi-ratsi, ba dajin da ya fi mutum tsawo ba, kuma ƙananan kududdufan da yake raɓa su ne farkon ƙafewa idan ambaliya ta gaza.

An yi ƙoƙari a hukumance. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya. Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a ƙasashe da dama kowane watan Janairu. A takardar masu ƙidaya akwai layin kowane jinsi, akwai kuma layin waɗanda aka gani ba a gane su ba. Adadin da ya faɗa wannan layi na ƙarshe ba ya gaya wa kowa komai. Jimilla na iya tsayawa daram alhali ɗaya daga cikin jinsunan yana zagwanyewa, musamman mai laɓewa wanda tun asali ba ya shiga lissafi da sauƙi. A gaɓar Botniya an gane cewa masu rawayar ƙafa suna raguwa, an kuma gano cewa cikin dalilan akwai ciyawa da ta rufe gaɓar bayan an daina kiwo a wurin, da masu cin ƙwai da suka yawaita. An gane ne domin akwai mutanen da suka san tsuntsun shi kaɗai, suka bi shi shekara da shekaru. Rashin da ba shi da suna ba ya samun mai kai ƙararsa.

Sunayen da na yi amfani da su a wannan maƙala na wucin gadi ne, kuma sun jingina da alamar da laka ke shafewa. Tsuntsayen sun cancanci waɗanda suka fi su. Ba daga teburin marubuci irin waɗannan sunaye suke fitowa ba. Masu su da masu noman shinkafa da yaran da ke kora shanu mashaya, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani, su ne suke wuni kusa da wannan laka, su ne idonsu ya fi na kowa sabawa da ita. Aikin masu ilimin harshe da masu ilimin halittu a jami'o'inmu shi ne su je tare, su tsaya a gaban tsuntsun da kansa, su tambayi dattawa da yara me suke ce masa, su rubuta, su gwada ko sunan na jinsi ɗaya ne ko na gungu. Inda aka samu suna a raya shi. Inda ake buƙatar sabo a ƙera shi a kan tsarin da harshen ya saba, wato daga hali: mai gaggawa a fili, mai sanɗa a lungu, mai tashi tsaye da karkarwa. Sannan a kai shi littafin firamare da shirin rediyo, domin suna ba ya rayuwa a ƙamus sai a baki.

Kama da wane ba wane ba ne. Mun daɗe da sanin haka a kan mutane, kuma harshenmu yana da kayan aikin da zai faɗe shi a kan ƙananan halittu ma. Ina so ɗan Nguru da ɗan Gashuwa da ɗan Diffa su iya faɗa da harshen da suke mafarki da shi cewa wane ne ya ragu bana, wane ne ya ƙaru. Wanda ya iya faɗin haka shi zai tambayi dalili, wanda ya tambayi dalili kuma shi zai iya tsayawa gaban masu buɗe madatsa da rufe ta ya gaya musu irin ruwan da fadama ke buƙata, da watan da take buƙatarsa, da watan da take buƙatar ya janye.